Kwaɗo Biyu a Sangotedo

Aikina gadi ne a Sangotedo,
filin da jiya fadama ce, yau an kewaye shi da kwano.
Kwaɗo biyu nake kwana da su:
na ƙarfe a jikin ƙyaure, mabuɗinsa a aljihuna,
da na ruwa can ƙarshen shinge,
inda tifa ba ta kai yashi ba tukuna.

Ban san da shi ba sai da Morenike ta zo,
ɗalibar jami'a, takalmin roba har gwiwa,
tocila ɗaure a goshi kamar maharbi.
Ta ce, Baba Sallau, kashe rediyonka ka saurara.
Na ce, 'yata, kukan kwaɗi ai tun a Ɗanja na ƙoshi da shi.
Ta ce, ba wannan ba. Na ƙarƙashinsa.

Sai na ji. Siriri,
kamar an taɓa bakin kofin shayi da cokali,
sau uku, a yi shiru.

Ta ɗago min shi a tafin hannu.
Bai kai goro ba. Launin busasshen ganye,
bayansa ƙuraje-ƙuraje,
maƙogwaro na harbawa kamar maɗigar jariri.
Ta ce ba ya son gulbi, ba ya son kwata,
sai ruwan sama da ya kwanta a gindin tukurwa
ya yi sati uku bai ƙafe ba.
Nan ake zuba ƙwai, zare-zare kamar carbi.

Ta auna, ta rubuta, ta mayar da shi.
Ta kai takarda ofis, aka ce ta dawo Litinin.
Litinin ta yi bakwai.

Ni kuwa da asuba nake buɗe ƙyaure,
tifofi su shigo a jere, ni ke ɗaga musu hannu.
Da kuɗin nan ake cefane a gidana.

Amma na jawo tsofaffin tayoyi da fasassun bulo
na tare kusurwar nan,
na ce wa direbobi ƙasar wurin na cin mota.
Allah ya yafe min, rabinta gaskiya ce.

Shekaranjiya injiniya ya zo da igiyar awo,
ya kafa jan turke daidai gindin tukurwar.

Yau na datse na ƙarfe da wuri,
na zauna a benci, rediyo a kashe.
Janareton maƙwabta na ta ruri.
Na kasa kunne ta ƙarƙashinsa:
ɗaya,
biyu,
ina jiran na ukun.