Ƙaura Babu Amalanke

Igiyar ta ɓata tun bara,
an ce Habsu ta ɗaure ƙafar zakara da ita.
Ma'azu ya ce a bar zancen igiya,
iska ma hanya ce ga wanda ya san ƙofarta.

Ga tsohuwar kwamfutata bisa tabarma,
tana nishi kamar saniya a watan bazara.
A cikinta akwai shekara tara na yawona a Birni:
bango bayan bango,
zanen da Baba ya yi da laka da ɗan yatsa
tun kafin a haife ni,
wasu sun faɗi a damina,
wasu an shafe su da siminti.
Hoto dubu da ɗari biyu da bakwai.

Ga kuma tabilet, sabuwa, siririya,
ba ta kai nauyin faifai ba.
Ita ce za ta iya zama a ƙirjin mutum
da ya daina zama.

Ma'azu ya haɗa su a rezo ɗaya
kamar mai gabatar da baƙi biyu a zaure.
Wannan ta nemi suna, waccan ta nemi kalmar sirri.
Na rubuta, ta ƙi.
Na sake, ta ƙi.
Ashe babban harafi na manta,
kamar in shiga gida ban yi sallama ba.

Sai wani ɗan layi ya fito, kore,
yana rarrafe.
Kashi huɗu. Kashi biyar.
Duk ɗan Damagaram ya san wannan jira:
haka muke zama gaban famfo da tsakar dare,
jarka a jere, kunne a bututu,
ana sauraron tarin ruwa.

Ban ga komai yana wucewa ba.
Na sa hannu tsakanin su biyun,
ko zan ji soro ya goge ni,
ko ƙofar gidan Malam Badamasi mai zanen takobi.
Babu. Sai zafin la'asar da ƙuda ɗaya.

A kashi sittin da uku wuta ta ɗauke.
Fanka ta tsaya, kwamfuta ta rufe ido,
ba ta da batir tun zamanin da.
Na ce shi ke nan, kaya sun zube a hanya.
Ma'azu ya yi dariya, yana ɓare gyaɗa:
wannan ƙaurar ba irin taku ba ce,
abin da ya tafi ya isa,
kuma yana nan inda ya baro.

Na daɗe ina juya maganar.
Da haka mutane suke tafiya.

Bayan isha'i wuta ta dawo,
unguwa ta yi shewa, muka ɗora daga inda aka tsaya.
Hoto ɗaya ya ƙi ƙetarewa.
Sau uku. Na bar shi.
Kowane ayari da raƙuminsa mai gardama.

Na kai wa Baba ɗaki.
Ya karɓa da hannu biyu kamar ƙwaryar nono.
Na nuna masa yadda ake buɗe yatsu
bango ya matso.
Ya buɗe. Ya ƙara buɗewa,
har zane ya ɓace, sai laka zalla,
sai wani ɗan lotsi a gefen taga.

Ya ce, nan na zame.
Ranar aka zo mini da albishir ɗin haihuwarki,
ina kan tsani.
Ban gyara ba.

Gidan ya faɗi shekara uku ke nan,
ban gaya masa ba.
Ya ɗora babban yatsansa a gurbin,
gilashi ya ɗauka umarni ne,
ya wuce da shi bango na gaba.