Cindo na Shafi na Tara

Ni ne wancan na bayan jaruma,
mai riƙe da fitila, rabin fuskata a wajen layi.
Sau ɗaya aka kira sunana,
shi ma don in kauce.

Rayyanu ya zana ni a Samaru,
a shagon fotokwafi daura da ƙofar jami'a,
ranar da aka ɗauke wuta, ciniki ya tsaya cak.
Biro ya shaƙe a kan hannuna na hagu,
ya karta, ya maimaita,
yatsu suka fito shida.
Ya ce, to, suna ya samu.

Duniyar da muka sauka wata uku gare ta,
amma duwatsunta duk Kufena ne,
shi kaɗai ya taɓa hawa.
Kumbonmu kuwa, dube shi da kyau:
tankin ruwan unguwarsu ne aka sa wa fukafukai.

Kyaftin Saudatu ta ci shafi arba'in,
da bindigar haske, da tabo a kumatu,
da kakan da za ta ɗaukar wa fansa.
Ni zane uku aka ba ni.
Na ɗaure igiya.
Na durƙusa ina shinshina ƙasa.
Na ce, “Akwai ruwa a ƙarƙashin nan.”
Aka juya shafi.

Ba dodo ne ya cinye ni ba.
Wuta aka kawo. Inji ya yi tari,
ɗalibai suka yo ca da takardun lacca,
Rayyanu ya soke biro a bayan kunne,
ya manta ya bar mutum a bakin rami.

Tun ran nan nake haƙa.
Ƙasar ja ce, irin ta gaɓar Kubanni.
Watannin uku a karkace suka tsaya;
ban raina ba, balle in hau in gyara.

Jiya da la'asar, a Tudun Jukun,
aka naɗe wa wata yarinya awara da shafina.
Mai ya jiƙa samaniya, yaji ya ƙara taurari.
Ta lashe yatsunta, ta ƙirga nawa,
ta sake ƙirgawa,
sai ta zaro guntun fensir daga jakar makaranta
ta zana mini guga.

Ƙarami ne, a langaɓe,
igiyar ma ba ta kai ƙasa ba.
Amma tun daren jiya
nake jin danshi a tafin ƙafata.