Lamba Sha Ɗaya, Daren Talata a Toledo

Na zo da wuri, ba a gama kunna fitilu ba,
ƙanƙara na narkewa a takalmina,
gahawa ta huce a kofin takarda.
Aikin ke nan: in zauna a layi na shida
in auna ɗan mutane da biro.

Lamont Askew. Shekara ashirin da wata huɗu.
Ƙafa shida da inci biyar, ban da takalmi.
Yana ɗumama jiki shi kaɗai a kusurwar hagu.
Jifa sha bakwai na ƙirga,
sha huɗu ba su ko gaisa da ƙarfe ba,
tsulum, kamar guga a rijiyar damina.
Ban rubuta ba.
Kwandon da ba mai gadi, kowa gwaninsa ne,
ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Aka busa usur.

Wuyan hannunsa abin kallo ne,
yana sakin ƙwallo kamar mai barbaɗa gishiri,
yatsu na biye da ita har ta sauka.
Sai dai gwiwar hannun tana buɗewa waje,
kuma daga goshi yake saki, ba daga sama ba.
A nan ya tsira da hakan.
Can inda yake son zuwa
akwai masu hannu kamar gorar ɗebo mangwaro,
ƙiftawar ido ɗaya ta ishe su.

Dama, dama, kullum dama.
In an tare ta aka tura shi hagu
sai ya tsaya cak kamar jaki ya ga gada,
ya yi jifan dole, ƙafa a kan layi,
wahalar maki uku, ladan maki biyu.
Wannan na rubuta, har na ja layi a ƙasa.

Babana dillalin shanu ne a karar Wudil.
Yakan buɗe bakin sa ya ƙirga haƙora,
ya danna tozo, ya ɗaga kofato,
ya ce: kada ka yi tayi yana tsaye,
bari ya yi tafiya tukun.
Na tsallake teku don kada in gaji sandarsa.
Ga ni da ita, ta zama biro.

Bayan hutun rabin lokaci hannun ya mutu.
Shida a jere, ƙwal, ƙwal, ƙarfe na mayar masa.
Ɗalibai suka fara ihun a cire shi.
Na daina kallon ƙwallo, na koma fuskarsa.
Bai dubi benci ba.
Ya tafa hannu sau biyu: a ba ni.

Saura daƙiƙa huɗu, ana bin su biyu.
Suka tura shi hagu, sun yi karatunsu su ma.
Ya tashi.
Ƙwallon ta zagaya bakin kwando,
ta leƙa ciki kamar baƙuwa mai neman gida,
ta fasa.

Maki ashirin da uku, jifa ashirin da ɗaya.
Lissafi bai yi masa ƙarya ba, bai kuma faɗi duka ba.

Zaure ya watse. Mai shara ya jawo injinsa.
Wata mata da kayan aikin asibiti
na tsaye bakin ƙofa, rungume da rigar sanyin da ta fi ta girma.
Ba ta kira shi ba, ta saba.
Shi kuwa ya koma daidai inda ya ɓarar,
yana turo ƙwallo da hagu, yana tashi,
da hagu, yana tashi.

Takardata gida-gida ce:
saki, nisa, ƙafa, jifan kyauta.
Ba gidan da zan sa wannan.
Na rubuta: zagaye na biyu, farko-farko.
Na soke farko-farko. Na mayar.

A mota, injin na ɗumi, gilashi ya yi hazo,
na tarar yatsana na zana gwiwar hannunsa,
ina matso da ita ciki kaɗan.