Hotuna Biyu a Bangon Mai Shayi

A Aboabo, inda kwata ta kusa fin titi faɗi,
nan teburina yake, da buta, da burodi.
Daren Talata yara suka zo da bokitin sitaci,
suka manna mini mutum biyu a bango, babu ko sallama.

Ɗaya furfura har gira,
an ce shekara talatin yana shiga majalisa yana fita.
Ɗayan kumatunsa na sheƙi,
bai taɓa riƙe ko kujerar unguwa ba,
sai kamfani, sai digiri, sai fararen haƙora.

Baba Gariba, wanda ya ja babbar mota Kumasi zuwa Bawku
tun ƙafarsa ba ta san sanyin ƙashi ba,
ya tsoma burodi ya ce:
"Shekara tara ina karen mota
kafin maigida ya bar ni na taɓa sitiyari.
Na kwana ƙarƙashin mota a Kintampo, sauro na rabona,
na san injin da ke shagwaɓa, na san wanda ke mutuwa.
Ƙasa guda za ku miƙa wa wanda bai taɓa canza taya ba?"

Sulle mai gyaran waya ya ajiye kofi.
"Baba, tsohon direba ne ya jefa mu rami bara,
ya san hanyar har ya daina kallonta.
Mai furfurar nan, sau nawa ya tsaya kan gadarmu
ya toshe hanci ya ce baɗi?
Ina goye aka fara baɗin nan,
yau ɗiyata ce a goye."

Na ƙara musu ruwan zafi.
Ni ba na shiga,
dukansu suna da bashi a littafina.

Sai Hajiya Fulera mai wake da shinkafa
ta ɗaga murfi, tururi ya ɓoye fuskarta.
"Yarinyar da na ɗauka bara, wata uku ta iya tukunya.
Wadda ta shekara goma a hannuna har gobe tana ƙona gindi.
Amma ran da gawayi ya ƙare, layi ya kai bakin masallaci,
sabuwar kuka ta sa,
tsohuwar ce ta san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.
Ku bar ƙirga mini shekaru.
Ku tambayo: ya taɓa ɓata abu ya tsaya ya ce ni ne?
Ya taɓa shan kaye ya wayi gari ya gai da wanda ya kayar da shi?
Ya san kuɗin mudun shinkafa
ba tare da ya waiwayi yaronsa ba?"

Baba Gariba ya hura shayin da ya riga ya huce.

Doka dai shekara arba'in ta ce.
Ba ta faɗi sau nawa mutum zai ƙone
kafin ya san wuta ba.

Da la'asar hadari ya haɗo daga wajen Asawase.
Baba ya ce mu ja tebur gaba,
ta bayan masallaci ruwan ke zuwa, ya san shi tun da.
Ta gaba ya zo,
sabon bene ya sauya masa hanya.
Sulle ya zabura ya ceci buta,
ya kama ta inda ba a kamawa,
har yanzu tafinsa a naɗe yake.

Da ruwa ya ɗauke na duba bango.
Haɓar tsohon ta saɓule, goshin yaron ya naɗe,
daga ƙarƙashinsu wata fuska ta leƙo,
ta wancan zaɓen, ko wanda ya gabace shi.
Mun yi ta gardamar sunansa, ba mu tuna ba.
Rubutun ƙasa ne kawai bai goge ba:
za mu gyara kwata.

Disamba na tafe.
Na wanke kofuna, na dubi babban yatsana,
na mayar da shi aljihu.