Shafi na Bakwai, Layi na Uku

"Mece ce dangantakarka da ɗan da ke gidan?"
Gurbin amsar bai kai tsawon ɗan yatsana ba.
Na ajiye biro. Gunnhild ta ƙara mini kofi.
A Tromso ƙarfe biyu na rana
duhu ya riga ya saka sakata.

Ylva ce 'yar. Shekararta tara.
Ba Gunnhild ce ta haife ta ba,
daga Kali ta ɗauko ta, tana wata goma sha tara,
da takarda mai hatimi huɗu da bargo ruwan ɗorawa.
Ni kuma daga Loha aka ɗauko ni, in ji Ylva,
ina shekara arba'in da ɗaya,
ba bargo, sai akwati mai karyayyar taya.
"Ashe mu biyun duk Mama ce ta cike mana fom."

A kanti mai kifi ya dube ni, ya dube ta,
baƙin gashi ɗaya, launin fata ɗaya,
ya ce, 'yarka ta kwaso hancinka.
Gunnhild kuwa ya yi mata kallon baƙuwar da ta biyo mu.
Na ga wuyanta ya yi ja.
Shekara bakwai tana raba dare da zazzaɓin yarinyar nan,
ni da na zo jiya
an ba ni ita gyara a kan kilo guda na kifi.
Ban gyara masa zance ba.
Harshensu bai zauna a bakina ba tukuna.
Ko daɗi na ji? Ban tsananta bincike ba.

Saura kwana biyar a kira ni ofishin 'yan sanda
Ylva ta naɗa kanta malama.
Wane launi ne buroshin Mama?
Wane gefen gado take kwana?
Ya sunan karen da ya mutu kafin ka zo?
In na karkata kalma, ta bugi tebur da cokali.
Can ta ce, "In ka faɗi, mayar da kai za su yi?"
Na ce, mai yiwuwa.
Ta daɗe tana murza ɓawon burodi.
"Ni ma ana iya mayar da ni?"
Gunnhild ta kashe famfo, hannu duk kumfa.
"Ke kam ba mai taɓa ki, har abada."
"Shi fa?"
Firji kaɗai ya yi ta gunaguni.

Daren nan ta tsaya a bakin ƙofar kicin da safa ɗaya,
ta ce akwai wata kalma da take ji a barci,
ba ta san ko ta wane ne ba: tete.
Na yi dariya kafin in ankara.
Na ce, kwalbar madarar jinjiri ce,
haka yara ke kiranta a can wajenmu.
Gunnhild ta zauna a kan matakala, a hankali.
"Mako uku tana kuka da kalmar nan.
Na ɗauka sunan wata ce.
Na yi ta kishi da kwalba."

Da safe na koma kan layi na uku.
Na rubuta: mijin uwarta.
Gaskiya ce, iyakar wadda gurbin zai ɗauka.
In da da fili da na ƙara
cewa a gidan nan ni ne agola,
ita ta riga ni sanin inda ake ajiye gishiri.

An yi tambayoyin. Shuɗi ne buroshin, na ci wannan.
Sunan karen ya ɓace mini.
Rana ta leƙo jiya, karon farko tun Nuwamba,
minti kaɗan, a bayan dutse.
Wasiƙar ba ta zo ba.
Ylva ce ke riƙe da makullin akwatin gidan waya,
kullum ta taso makaranta sai ta buɗe,
ta ɗago ta dube ni ta taga,
ta girgiza kai, ta kakkaɓe ƙanƙara daga takalmi.