Cikinta Ya Cika

Mutari ne ya aiko ta daga Agadas
a hannun wani direban babbar mota,
naɗe cikin safa, cikin gwangwanin madara.
Na buɗe, na ce: wannan ce salular?
Ko tafin hannuna ba ta rufe ba.
Na sha yanke guntun fata da ya fi ta faɗi
in watsar a shara.

Ni baduku ne, abin da na iya shi na yi mata:
jar fatar akuya, koren zare,
na ɗinka mata gida kamar laya,
na bar taga ga idonta na baya,
na bar ƙofa ga bakin da take shan wuta.
A aljihun ƙirji take kwana,
in ta motsa sai in zaci zuciyata ce.

Ban yi lakkol ba, ita ma ba ta tambaye ni ba.
Danna nan, ka riƙe, ka yi magana, ka saki,
haka jikata Baraka ta koya mini.
Shi ke nan magana ta kama hanya,
ba tasha, ba kuɗin mota,
ba jandarma a shinge.
Layi biyu gare ta, na ciniki da na dangi,
amma masu neman rance sun haddace duka biyun.

Ran nan da hantsi na jera jakunkuna
a kan dutsen bayan gidanmu, nan Birni.
Ta ƙifta ido sau ɗaya.
Kafin la'asar wata mata a Yamai,
wadda ban san fuskarta ba,
ta ce a ɗaure mata shida.
Shekara arba'in ina gasuwa a kasuwar Dole
ban taɓa sayar da shida a Alhamis guda ba.

In kuran ya ɗauke, ita ce fitila,
da ita nake laluben basilla in ta faɗi.

Jiya ta ƙi ɗaukar hoto.
Na kai ta rumfar Ilu mai gyara.
Ya latsa, ya ce: Baba, lafiyarta lau,
cikinta ne ya cika, sai an rage.
Na ce rage.
Ya share kokawar bara, duk da kayen da nake so,
ya share takalma, ya share sirdi,
ya share gaisuwar Juma'a ɗari da wani abu
mai furanni da ƙyalƙyali.
Sai yatsansa ya tsaya.
Wannan fa? Lambar maƙwabta ce,
ƙarfe uku na dare, ba ta da tsawo.
Kafin in hana, ya danna.

Malam, kana shago har yanzu?
Famfo ya kawo.
Taho da jarkokin nan biyu kafin a ɗauke.
Ka sa hula.

Iyakarta ke nan.
Akwai ƙarar ruwa a bokiti a bayan muryar,
akwai tarin da muka ɗauka na mura ne.
Tsahara ba ta ga damina ba.

Kabu-kabu suna wucewa, mai alkaki tana talla,
Ilu ya sunkuyar da kai yana goge gilashin
da ba shi da datti.
Na ce: share jakunkunan, na iya ɗinka wasu.
Share ni ma, ga ni nan a hoto ina dariya.
Wannan ka bar mata wurinta.

Daren jiya ruwa ya zo, wajen ƙarfe uku.
Ba wanda ya tashe ni, kukan famfo na ji.
Na ɗauki jarkoki biyu,
har na kai zaure,
na komo na sa hula.