Haƙorin Taguwa

Ni ne gardin shantiye a hanyar Tanut.
Sanda gare ni, da tocila, da buta mai yoyo.
In ma'aikata sun watse da magariba
sai a bar mini su huɗu:
katafila, gireda, mai daɓe,
da mai dogon wuyan nan da Mutari ke kira Taguwa.

Ƙarfe ma yana gajiya.
Kasa kunne bayan lisha,
za ka ji cikinsu na ƙas-ƙas, yana hucewa,
gazuwal na ɗiga a kan jar ƙasa.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina haƙar rijiya.
Mai gaba goma sha biyu takan cinye mini rani guda
da fatar tafin hannu.
Taguwa kuwa, kafin shayina ya tafasa,
ta buɗe ramin da zai haɗiye ni, ni da dagina.
Ban ji haushinta ba.
To, na ɗan ji.

Ran wata Talata ta kai baki ga dutse,
irin namu na Damagaram,
wanda kansa kawai ke waje, sauran jikin na kwance ƙasa.
Ta cije. Ta ja baya. Ta sake cizawa.
Ƙau!
Haƙori ya yi tsalle ya faɗi kusa da tukunyar Gaptiya.

Aka ce sabo na zuwa daga Kwatano.
Kwana sha tara yana zuwa.
Leburori suka koma dara a inuwar tayoyi,
bashin shinkafa da wake ya cika wa Gaptiya littafi,
kurciya ta fara kai kara cikin cokalin Taguwa.

Na ce wa injiniya, yaro mai farar hula:
a ba ni itace amalanke biyu
da ruwa jarka goma.
Ya dube ni, ya dubi takardarsa.
Ruwa jarka goma a garin nan, Baba Kiyari,
ka zuba wa dutse?
Na ce shi ma ya daɗe bai sha ba.

Daren nan ban yi gadi ba, wuta na yi.
Na ciyar da ita har kiran assalatu,
har bayan dutsen ya yi fari.
Sannan ruwa.
Ya yi tsaki, ya yi huci,
ya yi wata ƙara can ciki
kamar tsoho ya miƙe daga tabarma.
Tsaga uku. Hannuna na shiga ta tsakiyar.

Da haƙori ya iso ran Lahadi
na ɗauke sheƙar kurciya na aza kan bagaruwa.
Ba ta bi ta ba.
Mutari ya hau, ya murza,
Taguwa ta tsince gutsattsarin
kamar mai tsince tsakuwa a faifai.

Yanzu gudro ya bi ta wurin, baƙi wul, sumul.
Motocin Agadas na wucewa, ba mai rage gudu.
An ƙara mini jika biyu a wata ɗaya,
wata na biyu aka manta.

Tsohon haƙorin yana wurina.
Ya fi tulu cike nauyi.
Shi ne dutse na uku a murhun Gaptiya da rana,
da dare kuma, in iska ta taso,
da shi nake tokare ƙofa.